Ƙwayar Hawan Jini da Maganin Gargajiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Ke Haɗuwa da Wanda Ba Ya Haɗuwa

Da wuya ka shiga ɗakin mai hawan jini ka tarar ƙwayar asibiti kaɗai yake sha. A gefenta akwai gorar zoɓo, ko garin zogale, ko man habbatus sauda da aka kawo tsaraba daga Makka, ko jiƙon da maƙwabciya ta rantse shi ya tashi mijinta. An fi yawan tambaya a kan zoɓo da tafarnuwa, alhali abubuwan da suka fi cutar da mai hawan jini su ne waɗanda ba a ma lissafa su cikin magani: kanwa, ƙwayar ciwon jiki ta kemis, haɗin ƙarfin maza. Sunayen ƙwayoyi an bar su yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya ɗauko nasa ya duba.

Ganye ne fa, daga ƙasa ya fito. Ta yaya zai yi rikici da ƙwayar asibiti?

Ganyen da ke da ƙarfin sauke jini magani ne, kuma magani biyu in sun haɗu a ciki ɗaya dole ɗaya ya taɓa ɗaya. Ƙwayoyin asibitin ma da yawa daga tsirrai aka samo su. Reserpine, wanda yana cikin magungunan hawan jini na farko-farko, daga saiwar wani tsiro na Indiya aka tace shi a 1952. Bambancin shi ne ƙwaya an auna ta: miligiram 5 na amlodipine yau, miligiram 5 ne gobe. Jiƙo kuwa ƙarfinsa ya danganta da hannun da ya ɗebo, da lokacin da aka haƙo saiwar, da kwanan da ta yi a ruwa.

Rikicin ba iri ɗaya ba ne. Wani abin taya ƙwayar yake yi har jini ya faɗi ƙasa fiye da kima. Wani ja da ita yake yi, tana saukewa yana ɗagawa, sai likita ya ga awo ya ƙi sauka ya ƙara ƙwaya ta biyu da ta uku, bai san me ake sha a gida ba. Wani yana canja yawan ƙwayar da ke ratsa hanji ta shiga jini, ko saurin da hanta ke kawar da ita. Mafi muni shi ne mai taɓa ƙoda da sinadarin fotasiyom, domin ba ya sallama. Mutum na iya jin garau har sai zuciya ta rikice.

Ƙwayoyina kala uku ne. Ta ina zan gane wacce ce wacce?

Dubi ƙarshen sunan. Masu ƙarewa da "pril", irin lisinopril da captopril, da masu ƙarewa da "sartan", irin losartan da telmisartan, suna sa jiki ya riƙe fotasiyom. Spironolactone da amiloride sun ma fi su riƙewa, kuma amiloride yana cikin Moduretic, wadda dattawa da yawa ke sha. Masu sa fitsari, wato hydrochlorothiazide, indapamide da furosemide, zubar da fotasiyom suke yi. Masu ƙarewa da "dipine", amlodipine da nifedipine, buɗa jijiyoyin jini ne aikinsu. Masu ƙarewa da "olol", kamar atenolol, suna rage gudun zuciya. Sai methyldopa, wadda aka fi ba masu ciki. Ka riƙe wannan rabe-raben, sauran amsoshin a kansa suke tafiya.

An ce zoɓo yana sauke hawan jini. Gaskiya ne? Zan iya sha tare da ƙwayata?

Gaskiya ne, kuma cikin duk abin da ake sha a ƙasar Hausa da wannan niyya, zoɓo ya fi kowanne hujja. A wani gwaji da Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa a 2010, an ɗauki mutum 65 da jininsu ya ɗan hau, aka ba wasu kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, sauran aka ba su abin sha mai kama da shi. Lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyu na awon jini, ta masu shan zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da maki 1 da ɗoriya. An yi wani gwajin a Inugu, aka wallafa a 2015, inda aka gwada zoɓo da hydrochlorothiazide a kan masu matsakaicin hawan jini, nan ma jini ya sauka.

Sai dai a lura da abu biyu. Mutanen gwajin Tufts ba sa shan kowace ƙwayar hawan jini, kuma jininsu bai yi nisa ba. Maki 7 abin kirki ne ga mai 140, amma ga mai 180 ai da sauran tafiya. Na biyu, zoɓo yana ɗan sa fitsari, kuma a ɗakin gwaji an ga yana taɓa hanyar da su lisinopril ke bi. Ke nan wanda ya haɗa su ya ɗora magani a kan magani.

Kofi ɗaya a wurin biki ko lokacin buɗa-baki ba abin damuwa ba ne. Wanda ya mai da shi na kullum, mai kauri, kofi biyu ko uku, shi ne ya kamata ya sanar da likitansa kuma ya riƙa awo a gida. An fi tsoron faɗuwar jini ga tsoho, da mai shan ƙwaya kala uku, da mai shan ta fitsari a watannin zafi lokacin da gumi ya riga ya kwashe ruwan jiki. Alamar ita ce jiri in an miƙe tsaye. Zoɓon kan titi kuwa, wanda sukari ya fi zoɓon yawa, kada a yaudari kai a kira shi magani.

Mahaifiyata ta bar cin gishiri tun bara, amma jininta ya ƙi sauka. Me ke faruwa?

Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin a zargi ƙwaya, a leƙa madafi. Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sodiyom, kuma ba gishiri kaɗai ke ɗauke da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da duk inda sodiyom ya ɓuya.

Wuri na farko shi ne dunƙulen miya. Kaso mai yawa na kowane dunƙule gishiri ne, don haka wadda ta janye gishiri ta ninka dunƙule an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wuri na biyu, wanda ba a cika ambata ba, kanwa. Wasu na zaton fotasiyom ce, amma mafi yawanta gishirin sodiyom ne. Tana cikin miyar kuɓewa, tana cikin wake don ya yi saurin nuna, tana cikin ɗanwake, ga kunun kanwa, ga jiƙon jar kanwa da ake sha in ciki ya murɗa. Ɗan abin da ake jefawa a tukunyar gida guda ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce shan ta a matsayin magani, kullum. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyom, amma wannan bai wanke kanwa ba: mai jegon da ta yi hawan jini lokacin ciki ba ta da abin yi da kunun kanwa mai kauri safe da yamma.

A ƙara da garin ƙwannafi da ake zubawa a ruwa ya yi kumfa, da ƙwayoyin bitamin masu narkewa da kumfa. Sodiyom ne ke sa su kumfar.

Na ga ana sayar da "gishirin masu hawan jini". In saya?

Ka fara duba ƙwayarka. Wannan gishirin an rage masa sodiyom an maye gurbin da fotasiyom, kuma yana da amfani na gaske. A wani babban gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da aka wallafa a 2021, mutum kusan 21,000 suka shiga, kuma masu cin gishirin da kashi 25 cikin ɗari nasa fotasiyom ne sun samu raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Amma tun farko masu gwajin sun cire masu ciwon ƙoda mai tsanani, da masu shan ƙwayar da ke riƙe fotasiyom irin spironolactone, da masu shan ƙarin fotasiyom.

Dalili shi ne fotasiyom a jini yana da ƙaramin fili, tsakanin 3.5 da 5.0 a awon asibiti. In ya haura sosai zuciya na iya tsayawa, kuma sau da yawa ba wata alama sai kasala. Mai shan spironolactone ko Moduretic, ko mai raunin ƙoda, ya nisanci wannan gishirin. Mai shan "pril" ko "sartan" kada ya fara sai an auna masa ƙoda da fotasiyom, musamman in yana da ciwon suga. Mai amlodipine kaɗai da lafiyayyar ƙoda yawanci ba shi da matsala.

Ayaba, dabino, dankali, alayyahu da tumatir duk suna da fotasiyom, amma mai lafiyar ƙoda ba a hana shi cin su. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ne ake ƙayyade wa.

Tafarnuwa, citta, habbatus sauda da zogale fa?

A cikin abinci, a ci lafiya. Kwaɗon zogale da miyar da ta ji tafarnuwa ba su taɓa zama abin tsoro ga mai hawan jini ba. Magana tana canjawa ne in an koma ƙwaya, ko mai, ko gari cokali-cokali kullum.

Tafarnuwa tana sauke jini kaɗan, amma abin lura a kanta shi ne tana rage daskarewar jini. Masu hawan jini da yawa suna shan asfirin miligiram 75, wasu clopidogrel ko warfarin. Haɗa waɗannan da ƙwayar tafarnuwa, ko citta mai yawa, ko ƙwayar kurkur ko ginkgo, yana iya jawo haɓo, jinin dasashi, ko baƙin bayan gida. Wanda za a yi wa tiyata ko cirar haƙori ya faɗa tun da wuri, domin akan ce a dakata da su mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar. Mai zuwa ƙaho ma ya tuna da wannan.

Habbatus sauda, in aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, saukin da take kawowa bai wuce kusan maki 3 ba. Darajarta a zukatan Musulmi sananniya ce, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Abin da bai dace ba shi ne a ajiye ƙwaya saboda ita. Zogale kuwa sunansa ya fi hujjarsa girma a kan hawan jini, kuma busasshen garinsa na da fotasiyom da yawa, don haka mai ciwon ƙoda ya yi hattara da shan sa da cokali.

Wani abin sha'awa daga gida: wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello, da aka wallafa a 1996, ya nuna kunun gero mai tsamiya yana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini. Ba dalilin barin kunun tsamiya ba ne, amma da ruwa ake haɗiyar ƙwaya.

Me ya sa aka rubuta a takardar maganina kada in sha garehul?

An gano wannan ne bisa tsautsayi. A 1989 wasu masu bincike a Kanada suna gwada ko barasa na taɓa ƙwayar felodipine, sai suka yi amfani da ruwan garehul don ɓoye ɗanɗanonta. Suka ga ƙwayar ta ninka a jinin mutanen. Garehul yana kashe wani sinadari a bangon hanji wanda aikinsa karya wani kaso na ƙwayar kafin ta shiga jini. In babu shi, ƙwaya ɗaya sai ta yi aikin biyu ko fiye: ciwon kai, jiri, bugun zuciya, kumburin ƙafa.

Felodipine ya fi shafa, sai nifedipine, amlodipine kuwa kaɗan. Yana kuma taɓa simvastatin da atorvastatin na rage kitsen jini. Tasirin kofi ɗaya na iya kai kwana ɗaya zuwa uku, saboda haka ba da tazarar awa biyu ba ya magance komai. Lemon zaƙi ba ya yin wannan. Nasa daban ne: ruwan lemo da na tuffa suna rage shigar atenolol cikin jini in an sha su tare.

Ɗana ya zo mini da wani abin sha daga Masar, wai irkisus. Yana da illa?

Ga mai hawan jini, ƙwarai kuwa. Saiwa ce mai zaƙi da ake jiƙawa a sha a Masar da Siriya da maƙwabtansu, musamman da azumi, kuma a kwalin shayi ko alewa ko maganin tari za ka ga an rubuta licorice ko liquorice. Sinadarin da ke cikinta yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyom. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓoɓi su mutu. Mai shan hydrochlorothiazide ko furosemide, wanda dama yana asarar fotasiyom, shi ya fi shiga haɗari, haka mai shan digoxin na zuciya.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wanda ya kai shekara 40, in ya ci kusan giram 57 na baƙar alewar irkisus kullum har mako biyu, zuciyarsa na iya rikicewa. A 2020 likitoci a jihar Masacuset suka wallafa labarin wani magini ɗan shekara 54 da ya rasu ta wannan hanyar. Baba, a gode wa yaro, a ba wani.

Tun da na fara shan ƙwaya ƙarfina ya ragu, shi ya sa nake shan haɗin maza. Akwai laifi?

Malam, wannan ita ce tambayar da aka fi jin kunyar yi, kuma ita ta fi cancanta a yi. Ƙorafinka na da tushe: masu sa fitsari da atenolol suna iya rage ƙarfin namiji, shi kansa hawan jinin ma yana yi, haka suga. Gyaran yana hannun likita, domin akwai ƙwayoyin da ba su cika yin haka ba, kuma sauyawa ba wuya.

Haɗin da ake sayarwa a tasha da bayan mota da intanet matsalarsa ita ce ba ka san me ke ciki ba. Hukumar Amurka da aka ambata ta sha kama kayayyakin da aka rubuta musu "na ganye zalla", har da zuma da kofi, ta tarar an zuba musu sildenafil ko tadalafil a ɓoye. Su waɗannan asalinsu masu buɗa jijiyoyin jini ne. In likita ya rubuta su da awo, yawancin masu hawan jini na iya sha. Amma wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin isosorbide, ko ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, haɗuwarsu na iya kayar da jini warwas har a rasa rai. Mai shan doxazosin ko tamsulosin saboda wahalar fitsari shi ma yana iya suma. In aka kai mutum asibiti da ciwon ƙirji bayan ya sha irin wannan haɗin, ya daure ya faɗa, domin maganin da za a fara ba shi na iya zama wanda ba ya haɗuwa da shi.

Ɓawon itacen yohimbe, da ake samu a dazukan Kamaru da kudancin Najeriya kuma ake sawa a haɗin burantashi, ta ɗaya ɓangaren yake ɓarna: yana ɗaga jini, yana sa zuciya gudu.

Ƙwayar ciwon jiki da ta mura ai ba ganye ba ne. Su ma da magana?

Su ne ma kan gaba. Ibuprofen, diclofenac da piroxicam suna sa jiki ya riƙe gishiri, suna rage ƙarfin kusan duk ƙwayoyin hawan jini. Haɗuwar abu uku, wato "pril" ko "sartan", da ƙwayar fitsari, da ɗaya daga cikin waɗannan, sananniyar hanya ce ta durƙusar da ƙoda, balle ga manomi ko lebura da ya wuni a rana. Haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya ba suna, sau da yawa akwai irinsu biyu a ciki.

Farasitamol ya fi sauƙi ga ciwon lokaci-lokaci, ko da yake wani gwaji a Edinbura a 2022 ya nuna giram 4 kullum har mako biyu yana ɗaga jini da kusan maki 5. Maganin mura mai buɗe hanci, wanda ke da pseudoephedrine ko phenylephrine, matse jijiyoyi yake yi. A karanta kwalin. Asfirin ɗin da likita ya rubuta kuwa ba a barin sa don an karanta wannan.

Shayin rage tumbi da maganin wankin ciki fa? Da maganin ƙiba?

Yawancin shayin rage tumbi filasko ne ko danginsa. Abin da ke fita ruwa ne da fotasiyom, kitse na nan daram. Ga mai shan ƙwayar fitsari asara biyu ke nan, ga mai lisinopril kuma bushewar jiki na taɓa ƙoda. Duk mai shan waɗannan ƙwayoyin da gudawa ko amai mai yawa ya kama, ko daga jiƙo ko daga cuta, ya tuntuɓi asibiti a ranar, domin akan dakatar da wasunsu na kwana ɗaya ko biyu.

Maganin ƙara ƙiba da wasu mata ke sha sau da yawa dexamethasone ne ko prednisolone. Kumburi ne ake ɗauka ƙiba, kuma yana tafe da hawan jini da suga. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da danginsu masu ƙarfi, kuma fata na tsotsewa. Wadda ta daɗe tana shan irin wannan kada ta yanke rana ɗaya, a hankali ake janyewa a ƙarƙashin kulawar likita.

Ina da ciki, an ba ni methyldopa da maganin ƙarin jini a wurin awo. In haɗiye su tare?

A'a, ki raba su. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama methyldopa a hanji ya hana kaso mai yawa shiga jini. Ki sa aƙalla awa biyu a tsakani, kuma kada ki bar ko ɗaya. Ƙwayar kalsiyom da ake ba masu ciki don rage haɗarin jijjiga ki sha yadda aka ce, ita ma ba lokaci ɗaya da ta ƙarin jini ba. Jiƙe-jiƙe, da saiwa ko ɓawon zogale, da zoɓo mai yawa, a jingine su sai bayan haihuwa. Wadda ke shan "pril" ko "sartan" ta ga ta yi ɓatan wata, ta je a sauya mata cikin gaggawa, domin suna cutar da ɗan tayi.

Goro da shayi?

Kafeyin da ke cikin goro, kofi da shayi yana ɗaga jini na 'yan awoyi, ya fi yi ga wanda bai saba ba. Goro ɗaya a yini ko shayi kofi biyu ba su ne za su rusa magani ba. Wanda ke wuni da goro a baki, ya sha shayi mai kauri a majalisa, ya ɗora lemon gwangwani mai sa kuzari, shi ne jininsa ba zai zauna ba. Kada a ci goro ko a sha shayi minti 30 kafin awo.

Maganin yana da lambar NAFDAC. Ba shi ke nan ba?

Yawancin magungunan gargajiya da ke da lamba, lambar tasu na ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba an ga ba guba ba ne a gwajin da aka yi, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Ba ta kuma ce komai a kan haɗa shi da losartan ɗinka. Ban da haka, ana buga lambar bogi.

Kayan ƙasar waje masu kyan kwalba su ma a karanta abin da ke ciki. Wani ganye mai suna St John's wort, da ake sha don damuwa, yana sa hanta ta yi saurin kawar da nifedipine da amlodipine har su rasa ƙarfi. Wani tsiro mai suna Ephedra kuwa Amurka ta haramta sayar da shi a matsayin ƙarin abinci tun 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Ƙwayar kalsiyom da bitamin D masu yawa tare da hydrochlorothiazide na iya tara kalsiyom a jini.

Akwai kuma tsirran da su kansu guba ne ga ƙoda. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu lalacewar ƙoda bayan shan ƙwayar rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro na dangin Aristolochia, da yawansu suka ƙare a wankin ƙoda ko dashe. Duman dutse, da wasu ke kira maɗacin ƙasa, daga wannan dangin yake. Mai hawan jini dama ƙodarsa na cikin matsi, ba shi da rarar da zai yi caca da ita.

Jinina ya daidaita tun da na fara jiƙo. In ajiye ƙwayar?

Ya daidaita ne alhali kana shan ƙwayar. Hawan jini irin na yawancin mutane ba a warkewa daga gare shi, riƙe shi ake yi, kuma in an saki yakan koma cikin kwanaki ko makonni ba tare da ciwon kai ko wata alama ba. Atenolol da danginsa, da clonidine, yanke su farat ɗaya na iya sa jini da zuciya su yi tsalle fiye da inda aka faro. Ana rage wa mutum ƙwaya, musamman in ya rage ƙiba da gishiri, amma da takardar awo a hannu ake yin wannan shawarar.

To in ina son gwada wani abu, yaya zan yi?

Ka kwashi duk abin da kake sha, ƙwaya da gari da mai da jiƙo, ka zuba a leda ka tafi da su ranar ganin likita ko mai harhaɗa magunguna. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron faɗa, kuma gaskiya wasu ma'aikatan lafiya suna da saurin tsawa. Duk da haka a faɗa.

In an amince, abu ɗaya za ka fara, ba uku ba, kuma wanda ka san sunansa da adadinsa. Ka auna jini mako guda kafin ka fara: a zaune, bayan hutun minti biyar, sau biyu da safe kafin shan ƙwaya, sau biyu da yamma, ka rubuta. Ka ci gaba da hakan bayan ka fara. Mai shan "pril", "sartan", spironolactone ko ƙwayar fitsari ya nemi gwajin ƙoda da fotasiyom aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan duk wani sauyin magani. Mai niyyar azumi ya je tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan sha.

Ka dakatar da abin da ka ƙara in awo ya sauka ƙasa da 90 bisa 60 tare da jiri, ko ya riƙa hawa, ko ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu. Suma, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko awon 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani, waɗannan asibiti ake nufa nan take, kuma a tafi da ledar magungunan har da gorar jiƙon.